GUGUWAR TEKU: A ƊAURE RAƘUMI KAFIN A YI TAWAKKALI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Yake sarrafa iska da gizagizai yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowane manomi a ƙasar Hausa ya san cewa hadarin damina daga gabas yake tasowa, ya zubar da ruwansa, ya wuce yamma. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda wannan iska take ƙarewa. Masana yanayi sun tabbatar da cewa a watannin damina, duk bayan 'yan kwanaki, wani ayarin iska da hadari yakan ratsa ƙasashen Sahel daga gabas, ya bi ta Cadi da Najeriya da Nijar da Mali, ya faɗa Tekun Atilantika ta gaɓar Senegal da Gini. Mafi yawansu a can suke mutuwa. Amma idan wani ya tarar da ruwan teku da ɗumi, kamar digiri 26 ko fiye, sai ya shiga zuƙar tururi yana juyawa kamar dutsen niƙa, yana ƙara girma da ƙarfi, har bayan mako ɗaya ko biyu ya isa tsibiran Karibiyan ko gaɓar Amurka ya zama bala'i. Mafi yawan manya-manyan guguwowin wannan teku ta haka suke samuwa. Watau iskar da ta shayar da gero a nan, ita ce za ta iya ɗage rufin gida a can, kuma Mai aiko ta ɗaya ne.

Ba a kiran iska guguwar teku sai gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a ɗaya. An kasa ta mataki 5, na biyar ɗin shi ne wanda gudunsa ya kai kilomita 252 ko ya zarce. Lokacinta a Atilantika yakan fara daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. 'Yan jarida sukan kira ta mahaukaciyar guguwa, amma a wurin mai imani ba hauka a cikin al'amarinta. Hadisi ya zo da hani ga zagin iska, domin ita abar umarta ce, ba ta tashi da ra'ayin kanta, ba ta kuma sauka inda ba a aike ta ba.

KWANAKIN GARGAƊI

Girgizar ƙasa ba ta sallama, tsawa ma haka. Ita kuwa guguwar teku Allah Ya sa ana iya hango ta tun tana nesa. A da can ba haka abin yake ba. A watan Satumba na 1900 wata guguwa ta auka wa garin Galbestan a Jihar Teksas, mutanen garin ba su sami wani cikakken gargaɗi ba, aka rasa rayuka fiye da 6,000. Yanzu kuwa taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hotonta dare da rana, jiragen sama suna kutsawa cikinta su auno ƙarfinta, cibiyar lura da guguwa ta birnin Mayami kuma tana shelar a zauna da shiri sa'a 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sa'an nan ta yi gargaɗi na sosai saura sa'a 36.

To, waɗannan kwanaki biyu ko uku da ke tsakanin shela da saukar bala'i, su ne abin dubawa a wannan fili. Ni'ima ce daga Allah, gama Shi ne Ya sanar da ɗan'adam abin da bai sani ba. Kowace ni'ima kuwa akwai tambaya a kanta ranar gobe. Za a tambayi mai gida me ya yi da su domin iyalinsa, a tambayi mai mulki me ya yi da su domin talakawansa, a tambayi mai hali me ya yi da su domin maƙwabcinsa.

Labarin guguwar Katrina ya isa misali. Ta fara haɗuwa ran 23 ga Agusta, 2005, kusa da tsibiran Bahamas, ta ratsa kudancin Fulorida ran 25, ta shiga ruwan ɗumi na mashigin tekun Meziko. Ranar Lahadi 28 ga wata ta kai mataki na 5, kuma a safiyar nan magajin garin Niyu Olins, Ray Nagin, ya ba da umarnin kowa ya fita daga birnin, abin da ba a taɓa yi ba a tarihinsa. Da asubahin Litinin 29 ga wata ta sauka gaɓar Luwiziyana. Shi wannan birni yana kwance ne tsakanin Kogin Misisipi da wani babban tafki, kusan rabinsa kuma yana ƙasa da doron teku, jinga da katangun kankare ne kaɗai suke tare masa ruwa. Da guguwa ta tunkuɗo teku sai katangun nan suka fashe a wurare da dama, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin, ya yi makonni bai janye ba. A gaɓar Jihar Misisipi tudun ruwan da teku ta turo ya haura mita 8. Mutum fiye da 1,300 suka halaka.

Mafi yawan mazauna birnin sun ji gargaɗi sun fita, sun tsira da rayukansu ko da yake sun yi asarar dukiya. Waɗanda suka zauna kuwa iri-iri ne. Akwai dubban matalauta da ba su da mota, ba su da kuɗin masauki, ga shi wata ya yi nisa. Akwai marasa lafiya da tsofaffi, har bincike ya nuna kusan rabin waɗanda suka mutu a Luwiziyana sun kai shekara 75 ko sun wuce. Akwai kuma waɗanda suke da halin tafiya amma suka ƙi, suna cewa ai sun ga guguwar Betsi ta 1965 da ta Kamil ta 1969, gidajensu ba su rushe ba. Wannan shi ne irin lissafin ɗan Annabi Nuhu, wanda Suratu Hud ta ba da labarin mahaifinsa ya kira shi ya shigo jirgi, shi kuwa ya dogara ga tsawon dutse.

SHUBUHAR ƘADDARA

Wani zai ce, ai waɗancan ba Musulmi ba ne, shi Musulmi ya san cewa abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa, wanda kwanansa ya ƙare ko ya gudu zai mutu, wanda yake da sauran shan ruwa ko ya zauna zai rayu. Farkon maganar gaskiya ne, amma abin da aka gina a kanta kuskure ne, kuma kuskure ne da ya ci rayukan Musulmi masu yawa.

A dubi ƙasar Bangaladesh, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, tana kuma bakin tekun da irin wannan guguwa take yawan tasowa. A watan Nuwamba na 1970, lokacin tana Pakistan ta Gabas, guguwa ta kashe mutum aƙalla 300,000 a dare ɗaya. A watan Afrilu na 1991 wata ta sake kashe kimanin 138,000, mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Masu bincike da suka zagaya ƙauyuka bayan haka sun tarar da dalilan da suka hana mutane barin gida. Waɗansu tsoron ɓarayi ne, waɗansu an taɓa yi musu shela guguwa ba ta zo ba, waɗansu matan ba su iya fita ba domin mai gida ba ya nan balle ya ba da izini, waɗansu kuma cewa suka yi komai na Allah ne.

Hukumar ƙasar da ƙungiyar agaji ta Jan Wata ba su naɗe hannu ba. Tun farkon shekarun 1970 suka kafa shirin 'yan sa kai, waɗanda yanzu sun kai dubun-dubata, maza da mata, masu bin gida-gida da lasifikar hannu. Aka giggina dogayen gine-ginen kankare na fakewa, waɗanda a sauran kwanaki makarantu ne. Aka tara tudun ƙasa domin dabbobi. Aka shigo da limamai cikin aikin, har lasifikar da ake kiran salla da ita ta zama ita ce ake shelar guguwa da ita. Da guguwar Sidir ta zo a Nuwamba 2007, mamatan ba su kai 5,000 ba. Da ta Amfan ta zo a Mayu 2020, an kwashe mutum fiye da miliyan 2 kafin ta sauka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Shin Allah na 1970 daban ne da na 2020? Subhanallahi. Waccan ƙaddara ce, wannan ma ƙaddara ce, sai dai a ta biyun bayi sun riƙi sababin da Allah Ya hore musu.

Wannan shi ne ainihin abin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya fahimtar da sahabbai. Buhari da Muslim da Imamu Malik sun ruwaito cewa ya fita zuwa Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarga sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya amsa masa cewa ƙwarai kuwa, daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Ma'aiki, Sallallahu Alaihi Wasallama, ko ya ɗaure taguwarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna.

Babu wanda ya kai Annabi dogaro ga Allah, amma ran Uhudu sulke biyu ya sa. Ran hijira ya ɗauki ɗan jagora, ya bi hanyar da ba a saba ba, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. Yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi a busasshiyar ƙasa mutanensa suna yi masa ba'a. Annabi Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa. Wanda ya ji shela ya miƙe ƙafa ya ce tawakkali yake yi, to, sai ya faɗi daga wane Annabi ya koyo irin nasa.

BA A FAFA GORA RANAR TAFIYA

Shirin da hukumomin waɗancan ƙasashe suke umartar jama'a da shi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san sunna. Sukan ce kowane gida ya tanadi ruwan sha na kwanaki, kamar lita 4 ga kowane mutum a yini, da abincin da ba ya lalacewa, da magungunan marasa lafiya, da tocila da batir, da rediyo, da 'yan kuɗi a hannu domin in wuta ta ɗauke na'urorin banki ba sa aiki. A sa takardun gida da na shaida a leda. A toshe tagogi da katako, a shigar da duk abin da iska za ta iya ɗauka ta yi jifa da shi, a cika mota da mai tun layi bai yi tsawo ba, a san hanyar fita da inda za a sauka. Hadisin Jabir ya zo da umarnin a rufe ƙofofi, a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila, a tsare yara idan duhu ya kawo kai, ana ambaton sunan Allah a kan kowanne. Ga shi nan an haɗa biyun a wuri ɗaya, hannu yana aiki, harshe yana ambato.

Idan hukuma ta ce a tashi, tashi ya zama wajibi a kan mai iko, domin tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin ta kiyaye, kuma Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Mai gida ba shi da ikon ya yi caca da ran matarsa da 'ya'yansa domin tsaron kaya. Mace kuma ba ta jiran izinin kowa kafin ta fita daga gidan da ruwa zai ci, gama lalura tana halatta abin da ya fi wannan. Ya kamata malamai su faɗi wannan a fili tun ana zaman lafiya.

Sa'an nan shirin Musulmi ba ya ƙarewa a ƙofar gidansa. Hotunan da suka fi ɗaga hankali bayan Katrina su ne na motocin safa na makarantu jere cikin ruwa, alhali ga tsofaffi a kan rufin gidaje suna jiran ceto. Alhakin farko yana wuyan masu mulki, domin kowane shugaba makiyayi ne abin tambaya. Amma duk wanda ya ja motarsa da kujera ba kowa, ya wuce ƙofar tsohuwar da ya san ba ta da mai ɗaukar ta, shi ma yana da amsar da zai bayar. Haka ɗan kasuwar da ya ɓoye ruwa ko mai ko burodi domin ya ninka kuɗi a ranar tsoro, hadisin Muslim ya kira mai ɓoye kaya irin wannan mai saɓo.

IDAN TA SAUKA

Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa idan Annabi ya ga hadari ko iska, akan ga alamar damuwa a fuskarsa, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa yake kwantawa. Da ta tambaye shi dalili, ya tuna mata da Adawa, waɗanda suka hango girgije ya nufo kwarurukansu suka yi murna suna zaton ruwa ne, ashe iska ce da aka sake musu dare bakwai da yini takwas. Saboda haka jin tsoro a irin wannan lokaci ba raunin imani ba ne. Abin da sunna ta koyar shi ne a roƙi Allah alherin iskar da alherin abin da ke cikinta da abin da aka aiko ta da shi, a nemi tsarinSa daga sharrin waɗannan duka. A yawaita istigfari, a kwantar wa yara da hankali, a zauna a ɗakin da ya fi nisa da taga.

Addini bai ɗora wa kowa fita masallaci cikin haɗari ba. Ibnu Umar ya ruwaito cewa a daren sanyi da ruwa Annabi yakan sa ladan ya yi shelar a yi salla a gida, Ibnu Abbas kuma ya aikata haka har a ranar Juma'a. Littafin Risala ya kawo rangwamen haɗa Magariba da Lisha a daren ruwa. Wanda ruwansa bai wuce na sha ba, taimama ta ishe shi, kuma ruwan ambaliya da ƙazanta ta jirkita ba a alwala da shi.

Akwai wani abu da ya yaudari mutane da yawa. A tsakiyar guguwar akwai wani fili da ake kira idonta, inda iska take lafawa, har akan ga sararin sama. Wanda bai sani ba sai ya ce ta wuce ya fito, ba da jimawa ba ɗaya gefen ya iso, iska ta dawo ta wata fuska da ƙarfinta. Kada a fito sai hukuma ta ce a fito. Bayan wucewarta ma akan rasa rayuka, ta hanyar tuƙa mota cikin ruwa mai gudu, ko taka wayar lantarki da ta faɗi, ko kunna janareta a cikin ɗaki hayaƙinsa ya kashe mutane suna barci.

BAYAN TA WUCE

Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, duk da haka ya rasa gida ko ɗan'uwa, nan ne gurbin haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma nan ne maganar abin da Allah Ya rubuta take zama magani ga zuciya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa suna cikin masu shahada.

Wannan hadisi kuma ya isa ya kama bakin masu gaggawar yanke hukunci. Bayan Katrina an sami masu wa'azi, a addinai dabam-dabam, da suka ce azaba ce aka saukar saboda zunubin birnin. Wa ya ba su labarin gaibu? Waɗanda suka fi mutuwa tsofaffi ne da matalauta da majinyata. Su kuwa dubban masunta da manoman Bangaladesh masu salla, me za a ce game da su? Bala'i yakan zama horo ga wani, kankarar zunubi ga wani, ɗaukakar daraja ga wani, Allah kaɗai Ya san wane ne wane. Aikin mai kallo daga nesa shi ne ya binciki kansa, ya miƙa hannun taimako.

Musulmin birnin Hiyustan sun nuna yadda ake yi. A watan Agusta na 2017 guguwar Harbi ta tsaya a kan kudancin Teksas kwana da kwanaki, har a wani wuri ruwan da ya zuba ya haura mita ɗaya da rabi. Suka buɗe masallatansu suka mai da su masauki, suna ciyar da duk wanda ya zo, ba a tambayar kowa addininsa. Annabi ya yabi Ash'arawa, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne, saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai.

Ƙasar Hausa tana nesa da teku, irin wannan guguwa ba ta isowa gare ta. Amma kowace shekara hukumomi suna shelar garuruwan da ake jin tsoron ambaliya za ta shafa, kuma abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024 bai bar wa kowa uzurin cewa bai san ƙarfin ruwa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk wanda shela ta iske shi, ko a Fulorida yake ko a bakin Kogin Haɗeja, hukuncin ɗaya ne, ya ɗaure raƙuminsa, ya taya maƙwabcinsa ɗaure nasa, sa'an nan ya miƙa al'amarinsa ga Allah.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa da iska suka yi ajalinsu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya sa damina ta zama rahama ga bayinSa, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana. Allah Shi ne Mafi sani. Amin.